Dabo Mai Gadin Muryoyi

Dabo ba ya shiga ɗakin na'urorin nan da takalmi. A bakin ƙofa yake tuɓewa, ya yi sallama, ya ɗan dakata, sannan ya shiga. Ba kowa a ciki sai manyan kwamfutoci masu kama da kabad, suna ta gurnani cikin sanyi.

Mutumin Fagam ne, ɗan gidan masu shanu. Shanun sun ƙare tun yana saurayi, ya dawo Birnin Kudu yana gadi. Da wasu samari suka kafa ɗakin a bayan gari, sai suka ɗauke shi. Aikinsu yawon ƙauyuka, suna naɗar muryoyin tsofaffi suna tarawa a kwamfutocin, wai da su za a koya wa na'ura jin Hausa irin tamu. Ƙirƙirarriyar basira suke ce wa abin. Ni ma sun zaunar da ni na yi musu hirar noman dawa.

"Malam Dabo, wa kake wa sallama?" in ji Munzali, injiniyan wurin.

"Mutanen ciki."

"To, sun amsa?"

"Manya ba sa saurin amsawa."

Cikin mutanen har da mahaifiyarsa, Inna Kulu, wadda ta rasu bayan an naɗi muryarta, da surukinsa Baba Jafaru, uban matarsa Hapsatu, wanda ya jero sunayen shanu da yadda ake kiran kowace. Doka ɗaya Munzali ya ba shi: kada ruwa ya kusanci kwamfutocin.

Wata bazara Munzali ya tafi Kano. Ranar ce Baba Jafaru ya iso da tumatirinsa na fadama, motar da zai bi ta riga ta tashi. Ya ji labarin mijin 'yarsa na riƙe da ɗaki mai sanyi. Dabo ya durƙusa, idonsa a ƙasa. A gidansu ba a kallon fuskar suruki, ba a cin abinci a gabansa, balle a ce masa a'a.

Tsohon ya shiga da kansa. Ya jiƙa buhun algarara sharkaf, yadda duk mai tumatir yake yi, ya lulluɓe kwandon, ya ɗora shi a kan kabad ɗin da iska ta fi bugawa. Sannan ya shimfiɗa buzunsa daidai bakin ƙofa ya kishingiɗa. Dabo na tsaye a rana. Shiga sai an tsallaka tsohon.

Wajen la'asar aka ji ƙauri, gurnanin ya tsaya.

"Madalla, har injin ya yi shiru," in ji Baba Jafaru. Ya ɗauki kwandonsa, ya sa wa Dabo albarka, ya nufi tasha.

Ashe ba a gama tura muryoyin wani wuri ba, saboda rashin ƙarfin sabis. Mafi yawansu sun salwanta.

"Ruwa daga ina?" Munzali ya tambaya da ya dawo.

"Ni ne."

"Kai ne ruwan?"

"Ni ne dai."

Akwai tumatir ɗaya da ya gangara bayan ƙofa. Munzali ya dube shi, ya dubi Dabo, bai ƙara tambaya ba.

Ba su kore shi ba. Amma daga ranar ya daina sallama a bakin ɗakin, ya daina zama da mu bayan sallar azahar. Ya roƙi aron 'yar rakoda, duk ranar hutunsa ya hau keke, Kiyako, Surko, har Fagam, yana bin tsofaffi su maimaita abin da suka faɗa.

"Ɗan nan, ta farkon cinye ta kuka yi?" wata tsohuwa ta ce masa a Surko.

"Ki yi haƙuri, Inna."

"To matso da abin. Wannan karon ka ci a hankali."

Da yawa sun maimaita. Wasu ya tarar an riga an kai su makwanci. Zancen Inna Kulu kuwa ban taɓa jin ya ɗaga ba, mu ma ba mu ɗaga masa ba.

Aka wayi gari saura Baba Jafaru. Shi kuma ba mutumin da zai sake jero shanunsa ba ne bai tambayi inda na farkon suka shiga ba. Dabo ya sha zuwa har zaurensa da rakodar a aljihu, ya gaishe shi, ya juyo. Hapsatu ta ce ya ba ta ita ta je. Ya hana, ya san bakinta ba zai riƙe ba.

Daminar bara zazzaɓi ya ɗauke Dabo. Muna zaman makoki Hapsatu ta aiko wa Munzali da rakodar, a aljihun rigar marigayin aka same ta. Baba Jafaru na gefe, ya bi ta da kallo.

"Wai mene ne wannan abin? Kullum yaron nan yana zuwa ƙofata hannunsa a kan abin nan, ya gaishe ni ya koma."

Munzali ya juya rakodar a hannunsa, ya sa ta a aljihu. Har yau sunayen shanun ba su koma ɗakin ba.