Ranar da Ƙeya ya aske gemu

Mijin yayata shekara goma sha shida yana aiki a katafaren kamfanin fina-finan nan mai dogon bene, amma ba mahaluƙin da ya taɓa ganin fuskarsa a talabijin. Direban attajiri yake fitowa a wasan da ake nunawa duk mako, kyamara kuwa kullum tana kujerar baya. Shi ya sa muke ce masa Ƙeya. Wallahi 'ya'yansa ma sai ya juya baya suke gane shi.

Abin da ke cin ransa shi ne jarumin da ke fitowa attajirin. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki, tare suka yi dakon fitilu. Yau jarumi na da mai riƙe masa lema, Ƙeya kuwa shi ke wanke hularsa da kansa. In aka hasko jarumin sai ya ja tsakin da zai kashe fitila.

"Wannan? Rinin gashi ne kawai! Ku kankare shi ku ga tsoho."

Kwatsam darakta ya ba shi magana, kuma da fuska: zai juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, mota ta mutu." Gidan yaya ba a sake shan iska ba. A banɗaki mota ta mutu, a kan tabarma mota ta mutu, har makaniken layinmu ya zo da sifana.

Ranar Talata aka ɗauki rabin fitowar, ya juyo da furfurar gemunsa, kafin ya buɗe baki ruwa ya kece. Aka ce sai Alhamis. To Laraba fa shaiɗan ya raɗa masa: wato jarumi ya yi sheƙi, shi ya fito kamar kakansa? Ya tafi wajen mai aski, aka share gemu tas, aka rina kai baƙi wuluk.

Alhamis ya shigo yana taku ɗai-ɗai. Matar da ke lura kada kamannin 'yan wasa su canza ta dubi hoton Talata, ta dube shi.

"Bawan Allah, ina direbanmu?"

"Ni ne mana, ƙanwata. Gyara na yi."

Darakta ya dafe kai. "Ka juyo da gemu, ka yi magana ba gemu? Cikin daƙiƙa ɗaya aljanu suka aske ka? A mai da kyamara baya!"

Ran da aka nuna, yaya ta riga ta cika falo da maƙwabta. Ga mota, ga ƙeyar da muka saba. Jarumi ya leƙo, gashi na walƙiya, ya ce, "Direba, mota ta mutu ko?"

Ƙeya ta gyaɗa.

Can yaya ta dafa kafaɗar mijinta.

"Baban yara, ai rinin ya karɓe ka ta baya."

Yanzu gemun ya kai ƙirji, ya hana reza kusantarsa, wai ko mota za ta sake mutuwa.