Karan Da Aka Yanka Wa Garba

Har yau wata Laraba ba ta fita daga raina ba, ranar da na shiga wani gida a ƙasar Gwaram da rana tsaka. Kafin in sa ƙafa a gidan na san abin da ke kan sikeli: 'yan dako tara da suka daina taɓa buhuna, mota guda da ban yi wata uku da sayenta ba, kakar hatsi da ta kankama, da sunan da na yi shekara goma sha huɗu ina ginawa a kasuwar Birnin Kudu. A ɗaya gefen kuma ran mutum ɗaya, Garba. Ba zan ɓoye muku ba, a lissafina na ranar sunana na sa a gaba, ransa ya biyo baya.

Ku da kuka shigo sana'ar daga baya sai na yi muku bayani. Lokacin muna cikin Jihar Kano, ba a daɗe da barin fam an koma naira ba, kuɗin mai sun fara yawo. Birane sun cika da ma'aikata, kowa na neman gero da dawa da wake. Aikinmu tsari gare shi. Ma'auni ya auna, a ɗinke bakin buhu, 'yan dako su hau katako su jera a mota. Kowane dillali yana da sarkin dakonsa, shi ke raba aiki, shi ke ɗaukar buhun farko, in bai tashi ba babu mai tashi. Nawa shi ne Garba, dogo, mai faɗin kafaɗa. Buhu biyu yake ɗauka a tafiya ɗaya. Ni kuwa ban taɓa hana shi ba, don mota tana cika da wuri.

Wata ranar kasuwa yana tsakiyar katako da buhu biyu sai wani ya kira shi daga baya. Ya waiwaya da kayan a kansa. Bai faɗi ba, sai dai ya zauna a hankali, daga nan bai tashi ba. 'Yan'uwansa suka zo suka tafi da shi ƙauyensu. Na aika da gero da sukari, na ci gaba da harkata.

Bayan sati uku magana ta fara zagayawa. Wai mutum ya sayi sabuwar mota, a kakar kuma ƙaƙƙarfan yaronsa ya shanye, ai ba sai an yi wa kowa bayani ba. Ba wanda ya faɗa a gabana. 'Yan dakona dai suka koma gindin tsamiya suka zauna. In na wuce su gaishe ni da ladabi, amma ba mai motsi. Da na matsa, babbansu ya dubi ƙasa ya ce, "Maigida, mu ma muna da iyali."

A gindin tsamiyar nan akwai wani tsoho, Baba Nomau, mai tausa. Tsohon ɗan kokawa ne, gajere, hannuwansa kamar ba na jikinsa ba saboda girma. Kayan aikinsa tabarma, ƙwaryar man kaɗanya, tsumma, da tukunyar ruwa a kan murhu. In kasuwa ta tashi 'yan dako su jeru ya gasa musu baya, ya ja musu yatsu. Ni a lokacin ina ganin tausa ta mai jego ce da wanda ba shi da aikin yi. Kullum na wuce sai ya ce, "Ɗan buhu, motarka tana shan mai, bayan mutanenka me yake sha?"

Shi na je na samu. Na ce ya zo mu je ya duba Garba. Ya ce, "Don shi za mu je ko don kai?" Na ce don mu biyu. Ya ce tunda ban yi ƙarya ba, to zai je, ya naɗe tabarmarsa.

Mun isa ƙauyen rana tana tsaka. Abin da na fara lura da shi shi ne babu ƙarar daka. Gida mai mata huɗu, lokacin kaka, amma turame a kife suke. A ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, dattawa shida suna zaune suna jan carbi, irin zaman da ake yi bayan an dawo daga maƙabarta. Na tambaya da sauri ko an yi rasuwa ne. Wan Garba, Malam Idi, ya ce, "Tukuna."

Ya shige gaba muka bi shi. Matar Garba ta wuce mu da tulu, na ga ta riga ta cire 'yan kunnenta. A jikin bangon ɗakin da yake kwance an jingine karan dawa guda, busasshe, an fere shi tas, an datse kansa da gindinsa da wuƙa mai kaifi. Duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza a ƙasarmu ya san wannan kara. Da shi ake auna mamaci a kai wa masu haƙa. Ban taɓa ganin an yanka shi mai shi yana numfashi ba.

Ɗakin da duhu, ga wari. Garba yana kwance a gefen dama, fuska gabas, gwiwoyi a naɗe har kusa da ƙirji. A igiyar da ke daidai idonsa an rataye farin alawayyon likkafani a ninke. Ya rame har na kasa gane kafaɗun da na sani.

Na ce, "Garba, ya jiki?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Maigida, ka yafe mini abin da ke tsakaninmu. Na yi maka aiki iya ƙarfina." Maganar tana fita ba daɗi ba ɓacin rai, kamar mai ba da labarin wani.

Baba Nomau ya durƙusa ya tambayi Malam Idi tun yaushe yake kwance haka. Ya ce tun kwana na uku da kawo shi. Ya yi ta ihu in an taɓa shi, sai wani dattijo ya ce ciwon ba na tashi ba ne, a fuskantar da shi alƙibla kada ajali ya zo ba shiri. Tun ranar ba a juya shi ba. Sun yi haka ne don ƙauna, wannan na shaida. Kowa a gidan yana tsoron ya zama shi ne ya kawar da fuskarsa daga gabas a daidai lokacin da rai zai fita.

Baba bai taɓa bayan ba tukuna. Ya kama babban yatsan ƙafa ya mintsina. Garba ya janye. Ya yi wa ɗayar, ya janye. Ya tambaya ko fitsari yana kuɓuce masa, ko akwai zazzaɓi, ko akwai inda ya mutu ba ya jin taɓi. Duk babu. Ya dube ni ya ce, "Da ɗaya daga cikin waɗannan ya samu, da motarka za mu sa shi sai asibitin Birnin Kudu, ba aikina ba ne. Wannan kuwa jijiya ce ta riƙe, kwanciya ta ƙarasa sauran. A ɗora ruwa. Za mu juya shi."

Malam Idi ya tare. "Baba, in ajali ya same shi yana kallon yamma fa?"

"In ya zo tafiya ni zan mayar da shi da hannuna. Na fi ka sauri."

Sai Garba ya yi magana daga ƙasa. "Baba, kada ka wahalar da kanka. An riga an auna ni. Ina ji lokacin da Yaya ya ɗora karan. Na yi kamar ina barci ne don kada ya ji kunya."

Malam Idi ya fita daga ɗakin.

Mun juya shi mu biyu, ni a ƙafafu, Baba a kafaɗa da ƙugu, a tare, kamar yadda ake juya buhun da bakinsa bai ɗinku ba. Jikin ya juyo a naɗensa, bai saki ko kaɗan ba. A tabarmar da ya bari akwai shatinsa baƙi, kai da gwiwa da komai, kamar wani ne ya ci gaba da kwanciya a wurin. Baba ya sa aka fitar da ita rana, aka sauke alawayyon, aka ɗage asabarin ƙofa. Ya leƙa tsakar gida ya ce wa matan, "Ku yi daka mana. Da me za mu ci tuwo?"

Kwana uku muka yi, motata tana tsaye a ƙofar gida ba ta ɗauki ko tiya ba. A nan na ga yadda aikin yake. Ba ƙarfi ba ne. Sai ya gasa wurin da tsumma mai ɗumi har fata ta saki, ya shafa mai, ya bi naman da ke gefen ƙashin baya da tafin hannu, ba ya danna ƙashin kansa. Gyambon da kwanciya ta yi a ƙugu kuwa wanke shi kawai yake yi, ba ya kai hannu kusa. Sannan ya kama dunduniya ya ja ƙafar kaɗan, daidai inda Garba zai ce wash, ya tsaya nan yana ba shi labarin kokawar da ya yi a ƙuruciya har numfashinsa ya daidaita, ya ƙara ɗan yatsa guda. Sau huɗu a yini. Tsakani kuma a juya shi, a ba shi kunu da ruwa. Ni ne mai hura wuta da riƙe ƙafa. Baba ya ce bai taɓa samun ɗan aike mai mota ba sai a kaina.

Ran Juma'a da hantsi Garba ya kwanta rigingine, ƙafafu biyu a miƙe. Amma har lokacin idonsa yana komawa ƙofa, inda karan yake. Baba ya lura. Ya fita ya ɗauko shi ya shigo da shi ɗaki. Wata tsohuwa a tsakar gida ta yi salati. Ya shimfiɗa karan a gefen Garba, ya daidaita gindinsa da dunduniya. Kan karan ya tsaya a kafaɗa. A naɗe aka auna shi.

Baba ya ce, "Duba da kyau. Wannan naka ne?"

Garba ya daɗe yana kallo. Ya ce, "A'a."

"To wanda aka auna ba ya ɗakin nan. Tashi mu ga rana."

Muka ɗaga shi, ya dafa kafaɗata har bakin ƙofa. Dattawan da ke zaman jira suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suka rasa gaisuwar da za su yi. Wani da ya taso daga ƙauyen gaba, da alama an gaya masa an gama, ya tsaya da takalmansa a hannu, ya juya ya koma.

Da za mu tafi Malam Idi ya ɗauki karan zai sa a murhu. Baba ya ce a ba shi, kara ne mai kyau, zai dogara. A gindin mota ya kafa shi a ƙasa yana jiran in buɗe ƙofa. Na dube shi, na dubi karan. Kansu ɗaya, ko faɗin yatsa bai rage ba. Shi ma ya gani. Ya ɗora tafin hannu a kansa ya kai kan karan, ya yi 'yar dariya ya ce, "Ashe ba a yi asarar yanka ba." Har muka iso Birnin Kudu yana ta gyangyaɗi da karan a tsakanin gwiwoyinsa.

Bayan sati biyu na koma na ɗauko Garba, na sa shi a gaban mota, na ratsa tsakiyar kasuwa a hankali don kowa ya gani. Kafin in kashe mota 'yan dako sun tashi daga gindin tsamiya. Daga ranar na kafa dokokin da kuka tarar. Buhu ɗaya a tafiya ɗaya, ko waye kai. A durƙusa da gwiwa a ɗauka, ba a sunkuya da baya ba. Mai kaya a ka ba ya waiwaye, in an kira shi ya juya da ƙafafunsa. Da safe kafin buhun farko kowa ya yi miƙa, ya kama reshen tsamiya ya saki jikinsa. In kasuwa ta tashi a gasa baya. Wanda ya ji ciwo ya huta kwana biyu, a na uku a tashe shi ya taka ko zuwa bakin zaure ne, in ƙafa ta mutu kuma ko fitsari ya kuɓuce, asibiti kai tsaye. Abin da na koya game da mutanenmu kuwa shi ne, za su iya kwantar da mai rai kwanciyar mamaci saboda tsananin kula da shi. Don haka in kun je duba ɗan'uwa kada ku tsaya a ya jiki. Ku tambaya yaushe aka juya shi.

Baba Nomau ya rasu da daminar da ta biyo, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Tsoho ne, ban ce komai ya jawo ba. Ina wurin da aka tashi neman kara, ga damina ta yi nisa, busasshe ya yi wuya. Sai wani ya ga guda a bayan ƙyauren ɗakinsa. Aka ɗora. Mai wuƙa ya riga ya zaro ta, ya duba sama ya duba ƙasa, ya mayar da ita kube.

Ga lissafin ƙarshe. Na rasa kwana uku na kaka. Na rasa mai ɗaukar buhu biyu, don Garba bai sake hawa katako ba, sikeli ya riƙe mini shekara ashirin. Na samu 'yan dako tara, na samu sunana, matar Garba ta mayar da 'yan kunnenta. Wannan duk riba ce, kuma ni na ci ta. Kara ɗaya aka yanka a gidan nan, ni na ɗauko wanda ya yi daidai da shi na kai shi har ƙofa a motata. Shi ne har yau ban san gefen da zan sa ba.