Rediyon da Ɗanliti Ya Kafa a Ɗakin Taki

Idan ka bar Ikara ka kama hanyar Saulawa, akwai wata 'yar unguwa da ake kira Unguwar Kaɗanya. Gidajenta ba su kai hamsin ba, wasu Kirista, wasu Musulmi, amma in ka bi salsala kakansu ɗaya. A nan aka haifi Ɗanliti Habila, a nan kuma yake har yau. Dogon mutum ne marar yawan magana, manomin masara da barkono, ya ba shekara sittin baya.

Mahaifiyarsa, Iya Tabita, ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan majami'arsu. Ba ta yi karatu ba, waƙoƙinta duk a ka suke. Tana ƙago su ne a bakin murhu ko a gona, ranar Lahadi ta kawo, mata su amsa da kiɗan tulu. Ta rasu Ɗanliti yana sabon ango. Da Kirsimetin wannan shekarar ta zo, mata suka ɗauko wata waƙarta, suka yi baiti biyu, a na uku suka tsaya suna kallon juna. Babu wadda ta riƙe shi. Ɗanliti yana zaune a layin maza, ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba har aka tashi.

Da ya sayar da barkonon kakar da ta biyo, wata Laraba ya hau keke zuwa kasuwar Makarfi ya sayo rikoda mai cin batir shida. Daga nan duk inda aka ce akwai taron zumunta, ko biki, ko godiyar kaka, za ka gan shi a gefe da rikodarsa a cinya. Ya je ƙauyukan Kudan, ya je bayan Likoro, ya zagaye ƙasar Makarfi. Kowane kaset sai ya rubuta masa sunan gari da sunan mai ba da waƙa. Cikin shekara talatin ya cika akwatunan ƙarfe biyu. Matarsa Rifkatu takan ce, in gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, ta san akwatunan zai fara fitarwa kafin ya tuna da ita.

Mai gyara masa rikodar shi ne Inuwa, wani Musulmi sa'ansa da ke da rumfar gyaran rediyo a Ikara. Wata rana Ɗanliti ya kai masa gyara, yana ƙorafin cewa kaset ɗin suna lalacewa a akwati ba mai ji.

"To ka sa mutane su ji mana," in ji Inuwa.

"Ta yaya? In bi gida gida da akwati a ka?"

Inuwa ya yi dariya, ya jawo wani ɗan allo mai wayoyi daga ƙarƙashin tebur. Ya ce ya daɗe yana harhaɗa shi don gwaji. In aka haɗa shi da batir da eriya, duk mai rediyo a kusa zai kama abin da aka saka.

Haka tashar ta samu. Ɗanliti ya share ɗakin da yake ajiye taki, ya sa tebur da benci, Inuwa ya ɗaura eriya a kan doguwar gora, suka ɗora farantin sola a rufin kwano. Da safe kafin ya tafi gona ya saka waƙa na awa guda, da la'asar in ya dawo ya ƙara awa biyu. Yakan faɗi sunan garin da aka yi waƙar da sunan mai ita, sai ya yi shiru. Tsofaffin mata suka fara jin muryarsu ta ƙuruciya tana fitowa daga rediyo. Wata daga cikinsu ta yi tafiyar ƙafa ta kusan awa biyu don kawai ta gaya masa cewa wadda ke amsa mata a kaset ɗin jiya ƙanwarta ce da ta rasu.

Ba a jima ba maƙwabta Musulmi suka fara kawo saƙo. Wannan akuyarsa ta ɓata, wancan ana sunan jikarsa ranar Asabar, mai unguwa yana son a sanar da zuwan masu rigakafin shanu. Ɗanliti bai taɓa mayar da kowa ba. In lokacin kiran salla ya yi yakan rage sauti a ɗakin, don masallacin yana bayan katangarsa.

Wata tara ana haka. Ranar wata Talata da la'asar, farar mota mai eriya a ka ta tsaya a ƙofar gidan. Mutum biyu suka fito, suka yi sallama, aka shimfiɗa musu tabarma, Rifkatu ta kawo ruwa. Sai da aka gaisa sosai, aka tambayi gida da gona da damina, sannan babbansu ya gabatar da kansa. Ya ce sunansa Zakiyyu, daga hukumar da ke kula da gidajen rediyo suke.

"Baba, kai ne mai tashar nan?"

"Ni ne. Wani abu aka faɗa marar kyau?"

"Ko kaɗan. Kwana biyu muna sauraronka a hanya, ba mu ji abin zargi ba. Amma muryarka tana hawa kan wata tasha mai lasisi, masu sauraronta a wajen Makarfi sun yi ƙorafi. Kana da takardar izini?"

Ɗanliti ya ce bai san ana neman izini ba. Gorar tasa ce, ɗakin nasa ne, waƙoƙin ma shi ya ɗauko su.

"Gaskiya ne, Baba," in ji Zakiyyu. "Amma zangon da maganar ke bi na kowa ne, shi ya sa ake rabawa, kamar yadda ake yanka wa kowa rumfa a kasuwa. In kowa ya kafa inda ya ga dama, ba mai jin wani."

Ɗanliti ya jinjina kai. Ya tambaya ko majami'a za ta iya nema masa takardar. Zakiyyu ya ce a'a, doka ba ta ba ƙungiyar addini lasisi, majami'a ce ko masallaci. Abin da ake iya nema shi ne rediyon al'umma, wanda mutanen yanki gaba ɗaya za su mallaka ta hannun ƙungiya mai rajista, kuma a nan ma shirin addini yana da iyakar lokacinsa. Ya rubuta masa abubuwan da ake bukata a takarda. Sannan ya ce dole su tafi da na'urar.

Ɗanliti ya ce, "Ku bar ni in yi wa mutane sallama, kada su zaci mutuwa na yi."

Zakiyyu ya dubi abokin aikinsa, ya ce minti biyar. Ɗanliti ya shiga, ya gaishe da masu sauraro, ya gaya musu hukuma ta zo da magana ta gaskiya, shi ne bai sani ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Ya ce kada kowa ya ɗauki abin da zafi. Ya ƙara da cewa ragon Mero matar liman da ake nema an gan shi a fadama. Ya cire wayar batir da hannunsa.

Satin da ya biyo baya bai cika cin abinci ba. Inuwa ya zo har gida ya ba shi haƙuri, ya ce shi ya jawo masa. Ɗanliti ya ce ba wanda ya jawo wa wani. Abin da ke damunsa daban ne: in aka yi rediyon al'umma, waƙoƙinsa za su koma ɗan yanki kaɗan cikin shirye-shirye masu yawa, shi kuwa don su ya fara.

"Maigida," in ji Rifkatu, "da hanau gara mannau. Shekara talatin suna kulle a akwati, yanzu rabin awa ce ta yi maka kaɗan?"

Washegari ya je wurin mai unguwa Ja'afaru da takardar Zakiyyu. Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa, liman ya zo, fasto ya zo, har mutanen unguwanni huɗu na kusa. An ɗan ja magana kan sunan da za a sa wa tashar, don wasu sun so a sa sunan Ɗanliti, shi kuma ya ƙi. Aka kafa ƙungiya ta mutum tara, aka ba wata malamar firamare, Naja'atu, aikin rubuce-rubuce. Rajistar ƙungiyar kaɗai ta ci kusan shekara. Daga nan aka shigar da takardar neman lasisi.

Yau shekara biyu ke nan da shigar da ita, ana jira. Naja'atu takan je Kaduna ta bincika, ta dawo ta karanta wa taro abin da aka ce a gyara ko a ƙaro. Ɗanliti ba ya fashin taron, amma bai zauna jiran takarda ba. Shi da Inuwa suna juye kaset ɗin zuwa memori ɗaya bayan ɗaya, sun gama akwatin farko, ko da yake goma sha ɗaya sun riga sun lalace ba a samu komai a cikinsu ba. Wata tasha mai lasisi a Zariya kuma ta ba shi minti ashirin duk Lahadi da rana, bayan mai shirya shirye-shiryenta ya ji ɗaya daga cikin waƙoƙin a wayar wani direba.

Duk Alhamis Ɗanliti yakan saka babbar riga ya hau bas zuwa Zariya don a naɗi shirin. Ma'aikatan tashar sun yi ta fama da shi ya ƙara magana tsakanin waƙa da waƙa, ya ce shi ba mai waƙa ba ne, sunan gari da sunan mai ita sun isa. Da aka matsa masa, ya yarda ya riƙa faɗin shekarar da ya ɗauka. In an gama, ya sayi burodi a tasha ya kama hanyar gida, don ya iske awakinsa kafin rana ta faɗi.