Taken 'Yar Baffana

Tun Turawa ba su tafi ba, da an gama yankan dawa an cika rumbuna, sai garinmu da ke kusa da Tudun Wada ya ɗau haramar kalankuwa. 'Yan dambe da 'yan kokawa suna zuwa har daga Doguwa da Kiru, hanyar kasuwa duk ƙanshin tsire. Ni dai sai labari. Mahaifina malami ne, ya ce 'yarsa ba za ta taka dandali ba.

'Yar baffana kuwa sa'ata ce, katanga ce ta raba gidajenmu, kuma ubanta manomi ne, ba ruwansa. Ni nake ƙunsa mata lalle, in zura hannunta a zunguru, ina fata a zuci kada ya kama. Duk shekara sai ya kama jawur.

A lokacin kowace budurwa da takenta, kiɗan da mai kalangu yake yi mata ita kaɗai, da ta ji sai ta fito fili ta taka. Da la'asar ina surfe a tsakar gida, sai in jiyo nata ta kan katanga, guɗa ta biyo baya. Don haushi turmi ne yake shan duka.

Yanzu duk mun tsufa, wai ita ta manta takenta. Ta manta! Ni da ban taɓa samun nawa ba, har yau in ina daka, nata taɓaryata take bugawa.