Tarin da Muka Ɓoye wa Habu Mai Lamba

Shekara ashirin da huɗu ke nan da rasuwar yayana Malam Habu, wanda ƙauyukan Jahun suka sani da Habu Mai Lamba. Shekara ashirin da huɗu kuma ke nan ina shirga wa 'yarsa Hajara ƙarya. Tana da shekara uku ya rasu, kuma duk sanda ta ce, "Baffa, wai me ya kashe babana?" sai in ce taifot ne. To, bana dai na gaji.

Ma'aikacin rigakafi ne. Da aka yanke Jigawa daga Kano aka tura shi Jahun, aka ba shi babur da akwatin ƙanƙara, ya shiga bin ƙauyuka da rugage yana yi wa jarirai allurar lamba, wadda ake yi a dantse saboda tarin fuka. A lokacin mata na hango akwatin sai su shige ɗaka da 'ya'yansu. Sai Yaya ya ɓullo da tasa dabarar. Kafin ya buɗe akwati zai tsaya gaban mai gari da magidanta, ya naɗe hannun riga, ya nuna tabon dantsensa, ya ce, "Ga tawa. Duk mai wannan, shi da tarin fuka haihata-haihata." Da haka ya ci ƙauyukan da suka gagari wasu.

Ana nan sai tari ya kama shi. Muka ce sanyin babur ne. Wata uku, wata biyar, riga ta fara yi masa yawa. Wata nas da suke aiki tare, Madam Rifkatu, 'yar Filato, ta yi tattaki har gidana a Yalwawa da wata 'yar kwalba a jaka. Ta ce, "Malam Sabo, tarin nan ba na sanyi ba ne. Ni ya ƙi jin maganata. Kai ka lallashe shi ya tofa kaki a nan, in kai a auna."

Na dube ta sheƙeƙe na ce, "Haba Madam, mutumin da ke da lamba? Mu gidanmu ba a tarin fuka." Na miƙa mata kwalbarta, ko ruwa ban sa an kawo mata ba.

Na je na ba Yaya labari. Sai ya ce, "Sabo, in aka ji mai lamba na tarin fuka, wace uwa ce za ta sake miƙo min dantsen ɗanta?" Na ce gaskiyarka, Yaya. Mutane za su ce wanzami ne ba ya son jarfa, amma wallahi ba haka ba ne. Shi jariran Jahun yake ji. Ni kuwa bakin unguwa nake ji, ni da nake malamin makaranta, kada a ce a gidanmu an ware wa wani kofi da kwano. Da na matsa masa a ranar, da ya tofa, don bai taɓa ƙin maganata ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce jikin ya rikice. Gari ya ɗauka, kowa maganar gaskiya da amana yake, ni ma ina sahun gaba da sabuwar hula, alhali ina sayo zuma da habbatussauda ina kai wa ɗan'uwana don kada mu je inda za a kira ciwon da sunansa. Sai da ya fara tofar da jini muka kai shi asibiti. Aka ce allura sittin, kullum ɗaya. Bai kai rabi ba. Abokan da ke cika masa zaure suka koma yin sannu daga bakin ƙofa, hannu a hanci. Ba na zaginsu, don ni ma daga nesa nake tura masa kwanon kunu. Matar nan da na kora ita ce ke zama kusa da shi tana ba shi a baki. Da ya cika, muka haɗa baki da dangi aka ce taifot. Har mahaifiyar Hajara ta koma ga Allah ba ta karya wannan alkawari ba.

Yau Hajara ma'aikaciya ce a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Dutse, kuma kaki take aunawa. Ikon Allah! Kwanan baya ta zo gaishe ni, take ba ni labarin sababbin alluran rigakafin tarin fuka da ake gwadawa. Ta ce lamba tana tsare ƙananan yara daga mummunan nau'in ciwon, amma in mutum ya girma ba ta cika tsare masa huhu ba. Ƙwayar cutar muguwa ce, cikin sojojin jikin da aka ɗora wa haɗiye ta take shigewa ta yi lamo, kamar gara a cikin azara. Sababbin alluran, wasunsu ɗan ɓangaren ƙwayar ake ɗauka, a haɗa da wani sinadari mai zaburar da sojojin jini su gane ta, su kuma su tashi waɗanda ta ɓuya a cikinsu su hallaka ta. Har manya ake so su yi wa aiki, amma tukuna gwaji ake.

Tun ranar nake tunanin me Yaya zai ce. Na san zai yi murna, na san kuma zai ji ciwo, don abin da ya rantse a kai gaban masu gari rabin gaskiya ne, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa ɗaya rabin. Zai ga magani ya koma ƙwayoyi a kyauta, amma har gobe mutane na tari a bayan ɗaki suna cewa sanyi ne. Ashe mun canza magani, ba mu canza hali ba.

A ranar, da Hajara za ta tafi ta ce, "Baffa, ni ba cutar ce ke ba ni haushi ba, dangin da ke ɓoye mutum har sai ya zama gawa." Na ce haka ne, Allah Ya kyauta. Na raka ta har bakin titi.

Me ya rage na Yaya? Ba hotonsa a wani ofis, ba sunansa a jikin wani gini. Amma ka shiga kasuwar Jahun ka dubi majiya ƙarfin da ke sauke buhuna, da yawansu hannunsa ne ya raba su da ciwon tun suna zanin goyo. Wannan nasa ne, Allah Ya kai haske kabarinsa. Nawa rabon kuwa shi ne wannan da na rubuta.

Hajara, na san ba kya fashin karanta shafin nan da nake rubutu a cikinsa. Na kasa faɗa miki ido da ido, tsoron nan dai bai sake ni ba. Mahaifinki don 'ya'yan mutane ya yi shiru, ni don kaina na yi. Gobe ina gida. In kin zo, ba sai kin durƙusa kin gaishe ni ba.