Shawul Ɗan Ɗari Biyu

Ni ban yi boko ba, ba na ƙidayar shekara da lamba, amma wannan abu har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da shi ba. Ya faru ne damina biyu bayan rasuwar maigidana, a shekarar da albasa ta yi kwantai har manoman Danchadi suka riƙa barin ta jibge a bakin hanya, tun kafin zuwan cutar nan da ta sa aka rufe kasuwanni.

A lokacin ne wani saurayi ya zo daga birni ya kama shago kusa da tashar Bodinga, ya rataya lasifika a bakin ƙofa. Tun hantsi har la'asar magana ɗaya take yi: "Komai ɗari biyu! Ɗauki ka biya ɗari biyu!" Kofuna, farantai, tocila, madubi, silifas, 'yan kunne, kayan jarirai, duk daga ƙasashen waje, duk suna ƙyalli kamar an lashe su. Mata suka yi ca. Ni sau ɗaya na leƙa. Na ɗauki wani cokali na ɗan danna shi da babban yatsa, sai ya durƙusa mini kamar mai gaisuwa. Na ajiye masa abinsa na fito. Tun ina yarinya na san banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ya ƙetaro teku, ya hau mota, ya biya kuɗin shago, sannan a ce ya fi ƙwaryar da aka fafe a bayan gidana araha, to akwai wurin da aka rage masa wani abu. Ba su dai faɗi wurin ba ne.

Ana haka jikata, wadda na riƙa tun tana ƙarama, ta dawo gidana wankan jego. Haihuwar fari ce, namiji, ja wur da shi. A Shagari take aure. Washegarin haihuwa uwar mijinta, wadda muke kira Hajiya, ta iso a Keke Napep da kayan barka, ta ce za ta zauna da mu har suna. A hanya ta tsaya shagon nan ta cika leda. Cikin kayan akwai wani shawul shuɗi mai duhu, da 'yan taurari farare a jiki. Kyau kam yana da shi, ba zan yi ƙarya ba. Da hannunta ta naɗe yaron a ciki.

Na kai shi hanci na ce, "Hajiya, wanga abu shina wari kamar kananzir. Bari a ɗauraye shi tukuna."

Ta ce, "Warin sabunta na, Inna. Kayan dangin uba ba a sa musu ruwa sai an raɗa suna, haka munka gada. Ku mutanen da, komi in ba ku kunka saye shi ba, ba shi da kyau."

Aka yi dariya, na bar maganar. Gaskiyarta ce ta wani gefen, mu ma haka al'adarmu take: wanke kyautar surukai kafin suna kamar ka ce musu ƙazamai ne. Kuma jikata ce za ta koma ta zauna da matar nan, ba ni ba.

To ina da maƙwabciya, katanga ɗaya ta raba mu. Tare aka kawo mu unguwar muna amare, tare muka tsufa, ita ma mijinta ya rasu. Daddawa take yi, tana riƙe da jikoki mata uku, babbar har an kawo kuɗin gaisuwarta. Ranar da ta shigo barka ta leƙa fuskar yaron ta ce, "Kai! Wanga yaro hwari tas kamar Balarabe!" Murna ta sa ta manta ba ta ce tubarkalla ba. Na ga Hajiya ta ɗaga ido ta dube ta. Daga ranar kullum da azahar maƙwabciyata sai ta shigo da kunun kanwa na mai jego, ta ɗauki yaron ta yi masa wasa, ta tafi.

Kwana biyu da haka, da la'asar, jikata ta ƙwala mini kira. Na shiga na tarar ta buɗe yaron tana kuka. Wuyansa, bayansa, damatsansa, har leɓensa, duk sun yi shuɗi-shuɗi kamar wanda aka shaƙe. Na karɓe shi na kara kunne a ƙirjinsa, numfashi lafiya. Na ce a ba shi nono, ya kama ya sha kamar ɗan maraƙi. Jiki ba zafi. Na ce gobe da sassafe a kai shi asibiti. Hajiya ta ce, "Wanga ba ciwon asibiti ba na." Ta aika aka karɓo rubutu, aka zuba cikin ruwan wankan yamma. Aka yi masa wanka, sai ga shuɗin ya ragu. Ta ce, "Kun gani?" Aka shafe shi da man kaɗe, aka mayar da shi cikin shawul, aka kwantar kusa da kaskon wuta kamar yadda ake yi wa ɗan jego.

Washegari ma haka. Da safe bayan wanka yaro ya yi haske, da azahar maƙwabciyata ta kawo kunu, da la'asar ya koma shuɗi, har ya fi na jiya. Ba a buƙaci kowa ya faɗi sunan kowa ba. Matan da ke shigowa barka suka fara magana ƙasa-ƙasa. Wata ta tuna akuyarta da ta mutu bara bayan maƙwabciyata ta yaba ta. Wata ta ce dama idonta ja ne. Mace ta shekara tana hura wutar daddawa, ina idonta zai yi fari?

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don zuciyata na kan wani wuri daban. Ana jibi suna, da hantsi, na ce ni zan canza masa nafkin. Na kwance, na juya shi, na duba da kyau. Ɗuwawunsa da cinyoyinsa, duk inda nafkin ya rufe, ja wur suke kamar ranar da aka haife shi. Na dubi tafin hannuna, sai ga layukan ciki sun yi duhu. Nan take na tuna zamaninmu, lokacin da amarya ke ɗaura baƙin zane mai shuni, ta kwana ta tashi wuyanta da kafaɗunta sun yi shuɗi, ana cewa ado ne. 'Yan yanzu ba su taɓa ganin haka ba. Sai dai namu shunin ganye ne, mun san wanda ya rina shi da ramin da aka tsoma shi. Wannan fa?

Na zauna ina tunanin yadda zan faɗa wa Hajiya a ɓoye, ba tare da na kunyata ta ba. Ashe ta riga ni. Ina ɗaki sai na ji tsakar gida ya cika da hayaniya. Na fito na tarar an shimfiɗa tabarma, mata sun yi da'ira, maƙwabciyata tana tsaye a tsakiya da kwanon kununta a hannu. Hajiya ta shiga ta ɗauko yaron ta kwantar a tabarmar.

Ga wanda bai sani ba, a wajenmu in an zargi mutum da maita, kwantar da wanda ake cewa ya kama ake yi, a ce ya tsallake shi don ya saki kurwarsa. In ka ƙi, an ce ka ƙi saki. In ka tsallaka, ka amsa laifi da ƙafarka. Kuma ana cewa maita a nono ake shan ta, don haka sunan ba a kanka kaɗai zai tsaya ba. Jikokin nan uku, da wadda aka kawo wa kuɗin gaisuwa, babu wanda zai ƙara tako ƙofarsu.

Hajiya ta ce, "Baiwar Allah, ba mu son hwaɗa. Ki tsallake shi, ki tahi gida."

Maƙwabciyata ba ta dubi kowa ba sai ni. Ta ce, "Yaya, ke ma?"

Na ga ta fara sunkuyawa za ta ajiye kwanon, ta tattare zane. Tsoron taro ya sa za ta yi. Na ce, "Kul! Kada ki ɗaga ƙahwar nan."

Na cire farin ɗankwalina a gaban kowa, abin da ban taɓa yi ba, na lakato man kaɗe, na goga a damtsen yaron. Na ɗaga ƙyallen sama. Shuɗi. Inda na goge kuwa fata ta fito ja. Na kwance nafkin na juya musu shi na ce, "Ku diba. Wace irin mayya ta, da za ta ci yaro ta bar mai ɗuwawu?" Wata ta fashe da dariya ta toshe baki. Na zare shawul ɗin na jefa cikin tukunyar ruwan wankan jego da ke kan murhu. Kafin a ce haka ruwa ya koma kamar ramin marina, taurarin ma suka bi sahu.

Hajiya ta ce, "Ai ko sabuwar atamfa tana zuba."

Na kama hannunta na juya shi, don ita ta fi kowa ɗaukar yaron. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu shuɗi ne. Na ce, "To Hajiya, ke ma an kama ki. Kwanta a tsallake ki."

Tsakar gida ya ɗauki dariya, har da masu maganar akuya. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba. Maƙwabciyata ta ajiye kwanon kunun a bakin ɗakin mai jego, ta gyara mayafinta, ta fita.

An kai yaron asibiti a ranar, suka ce lafiyarsa lau, a dai daina naɗe shi da abin. Hajiya ta kwana ba ta yi mini magana ba, amma da safe ta ce in raka ta, muka zagaya gidan maƙwabciyata, ta durƙusa ta nemi gafara. Matar ta ce ta yafe. Ranar suna ta zo ta zauna a bakin ƙofa, ba ta taɓa yaron ba. Kunu kuwa ba ta ƙara kai wa wata mai jego a unguwar nan ba har yau. An ɗaura auren jikarta bayan girbi, sai dai sai da limamin unguwa ya sa baki, don maganar ta riga ta isa gidan ango kafin gaskiyar ta kamo ta.

Na koma shagon da shawul ɗin a leda. Saurayin ya dube shi ya ce, "Haba Kaka, ɗari biyu hwa! Kina son launi shi zamna har abada?" Ko kunya bai ji ba. Kuma in an bi diddigi, shi ne kaɗai bai yi wa kowa ƙarya ba a cikinmu.

Ba na cewa talaka kada ya sayi abin da aljihunsa ya iya. Na ga gidajen da ba su taɓa mallakar tocila ba sai da shagon ya zo. Amma araha ba ta ado, kuma abin da ba ka san wanda ya yi shi ba, kada ka ɗora shi a jikin jariri sai ya ga ruwa, ko kyautar wa ce. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tsumman da ya zo jiya daga inda ba mu sani ba, kowa ya yarda da shi, matar da muka sha kununta tun muna amare kuwa ita aka zarga. An ce zato zunubi. To in dai sai an yi zaton, a fara da kaya, don kaya ba su da jikoki.

Hajiya ta rasu, Allah ya jiƙanta. Saurayin ya tashi, amma shaguna biyu irin nasa sun maye gurbinsa. Yaron yana makaranta a Shagari, ba ya son a ba da labarin nan a gabansa. Cikin tsofaffin da suka tsaya a tsakar gidan ranar, saura ni da maƙwabciyata. Idonta ya yi rauni yanzu, ni ke kai mata kunu da azahar.