Dangin Kawun Kowa

Wandona mai ruwan toka, wanda nake ajiyewa don zuwa gaban manya, a shagon mijin yayata ya gamu da ajalinsa. Na shiga da hantsi ina zuba surutu yadda na saba, na hango wata kujerar katako a bakin ƙofa tana sheƙi, na ce wannan dai ni take jira. Na zauna, na ɗora ƙafa kan ƙafa. Sai da na yunƙura zan karɓi kofin shayi na ji kujera ta taso tare da ni. Ashe fenti bai bushe ba. Na koma na zauna a hankali, na yi kamar ina nazarin rufin shago. Da fentin nan ya bushe, da na sha shayina na kama gabana, da kuwa ban ga abin da na gani ba.

Mijin yayar tawa kafinta ne, ko in ce ɗan kafinta, don rabonsa da guduma har ya manta da wane gefe ake bugu. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa shago, da injin yanka katako, da sunan kirki a wurin masu saye. Ya riƙe shagon da injin. Shi kaɗai iyayensa suka haifa, ba wa ba ƙane, ba ya ba ƙanwa. Amma duk layin Kawun Kowa ake kiransa, kuma da guminsa ya samu sunan.

Wata rana a wurin aski wani ya gaya masa cewa idan ɗan uwa yana taya ka sana'ar gida, hukuma ba ta lissafa shi a ma'aikaci. Ni ban san ko haka dokar take ba. Shi ma bai taɓa buɗe ta ba, amma ya dawo da rabin kai a aske da cikakken tsari a ciki. Tun daga ranar bai sake ɗaukar ma'aikaci ba, sai dangi.

Idan mai neman aiki ya zo, ba ya tambayar me ya iya. Sai ya kalle shi daga sama har ƙasa, ya kintaci shekarunsa, ya ce, "Kai ɗan ƙanwata ne." Ƙanwar da ba a haifa ba ta fi kowace mace haihuwa a garin nan. Matar da ke ɗinkin kushin 'yar baffansa ce. Mai fenti ya yi shekaru a matsayin ɗan ƙanwa, har furfura ta cika masa gemu, Kawu ya ga abin zai ba da kunya, ya mai da shi wansa. Wannan ne kaɗai ƙarin girma da aka taɓa yi a shagon.

Kalmar albashi kuwa zagi ce a wurinsa. Abin da yake bayarwa sunansa "ɗan abin sabulu". Wata ba ya ƙarewa a shagon sai ranar da Kawu ya ce ya ƙare. Ranar sai ya ja mutum bayan tulin katako, ya cusa masa ambulan a aljihu, ya bi shi da addu'a mai tsawo, wadda ta fi abin da ke ciki nauyi. Ka ce ya ba ka takardar shaidar biya, ya dafe ƙirji: "Ni da kai har sai an yi rubutu?" Ka nemi hutu, ya ce, "Ka taɓa jin mutum ya ɗauki hutu daga gidansu?" Aikin da ya wuce lokacin tashi zumunci ne. Inshora rashin tawakkali ce. Fansho kuwa, in ka ambata, sai ya ce Allah ya kai mu, ya juya yana ƙirga ƙusa.

Wanda ya fi kowa daɗewa shi ne Mai Zarto, mutum mai shiru, wanda tun zamanin mahaifin Kawu yake tsaye a kan injin. Da sabon tsari ya zo aka naɗa shi ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda a cewar Kawu hancinsu iri ɗaya ne. Ƙarfen da ke kare hannu daga bakin injin ya karye, Mai Zarto ya yi magana, Kawu ya ce a lallaɓa zuwa ƙarshen wata, irin watan nan nasa. Injin bai jira ba, ya ɗauke masa yatsu biyu na hannun dama.

A asibiti Kawu ya yi kukan da ya sa masu jinya suka riƙa ba shi haƙuri, yana cewa ƙanena ne, taya ni yake yi. Da aka sallamo mutumin ya mai da shi gugar katako da hannun hagu, ambulan ɗinsa ta ƙara ramewa. Diyyar hannu kuwa ba ta fitowa sai an rubuta cewa mutum ma'aikaci ne kuma a bakin aiki ya ji rauni. Matar Mai Zarto, da ta gaji da jin wannan zumunci a tukunyarta, ta ɗauki mayafi ta tafi ofishin ƙwadago. Kawu ya samu labari, ya tara shago ya sake bitar dangantaka da kowa, ya dafa kafaɗar Mai Zarto ya ce, "Ka ce ƙanena ne kai, ni zan riƙe ka har abada."

To ina manne a kujerar nan sai ga jami'ar ƙwadago ta shigo, mace mai tabarau, da jaka a hammata, tana kaɗe ƙurar katako daga takalmi.

"Maigida, ma'aikata nawa gare ka?"

"Ma'aikata?" Kawu ya waiga kamar an tambaye shi giwa. "Ranki ya daɗe, ai nan gida ne. Duk jinina ne."

Ta tsaya gaban mai kushin. "Ke fa, baiwar Allah?"

"'Yar baffansa ce ni."

"Sunan baffan?"

Mai kushin ta dubi Kawu, Kawu ya dubi rufi. Ta ce, "Marigayi."

"Sunansa ke nan?"

"Haka muke kiransa, don girmamawa."

Jami'a ta rubuta, fuskarta ko motsi. Ta juyo kaina. "Wannan da ko tashi bai yi ba fa, shi ne babban gida?"

Kawu ya yi wuf. Ya san ni na san danginsa tun daga tushe, ya kuma san bakina. "A'a, wannan kwastoma ne, kujera yake gwadawa."

Ni ɗin da yayata ke aure a gidansa, 'ya'yansa na ce mini kawu na gaskiya, ni kaɗai aka cire daga dangi. Na so in tashi in yi bayani, na tuna halin da nake ciki, na ce, "Sannu da aiki, Malama."

Sai ta isa wurin Mai Zarto. Ta daɗe tana kallon hannun kafin ta ce, "Malam, mene ne tsakaninka da mai wurin nan?"

"Ƙaninsa ne ni. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Kawu ya washe baki har na hango haƙorin da ya cike. "Kin ji ko? Dubi hancin ma."

"Ka tabbatar da haka, Maigida?"

"A gaban kowa!"

Na ce a raina shi ke nan, mutumin nan ya binne yatsunsa da bakinsa. Jami'a ma ta sauke numfashi, ta ce, "Malam, ka san idan na rubuta haka babu maganar diyya?"

"Na sani, Malama. Rubuta." Ya goge hannun hagu a riga. "Sai dai ki rubuta da kyau, tunda Yaya ya faɗa a gaban hukuma. Shagon nan na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, kuma tun da ya rasu ba a raba gado ba. Ni ba na son injin, mun ɓata da shi. A bar mini rabin da ke kallon titi."

Fankar sama tana ta kuka. Murmushin Kawu ya tsaya a fuskarsa ya rasa hanyar komawa.

Mai fenti ya ajiye buroshi ya ce, "To ni da nake wa fa? A fara da ni."

"Ni ma a duba kason baffana," in ji mai kushin, "marigayi."

"Kai! Kai! Kai!" Kawu ya buga benci. "Wane mahaifinku? Wa ya haife ku? Ni kaɗai uwata ta haifa, kowa ya sani!"

Jami'a ta gyara tabarau. "To wannan mai hannun, wane ne shi a wurinka?"

Bakin Kawu ya yi ta motsi. Shekaru bai furta kalmar ba, ta yi tsatsa. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Ma'aikaci."

"Ban ji ba, fanka tana ƙara."

"Ma'aikacina ne!"

"A ina ya ji rauni?"

Ya nuna injin ba tare da ya kalle shi ba.

Nan ta zaro takardu ta shimfiɗa a kan bencin mahaifinsa. Ta rubuta Mai Zarto, ta rubuta raunin, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa da aikinsa da ranar biyansa. Kawu yana sa hannu yana gumi, kamar ana cire masa haƙori ba allura. Ta ce kada injin ya sake tashi sai an gyara ƙarfen, ta ce za ta dawo ta ga takardun albashi da idonta. Mai Zarto ya dangwala babban yatsan hagu, ya koma gugarsa, ko kallon Kawu bai yi ba.

Da ta fita ne aka tuna da ni. Mai fenti ya riƙe kujera, Mai Zarto ya kama ni da hannu ɗaya ya fizga. Na tashi, amma ba duka ba, bayan wandona ya zauna abinsa. Mai kushin ta miƙo mini ragowar yadin kujera mai furanni tana kallon bango, na ɗaura a ƙugu.

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na je na tsaya a kan Kawu, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa, na ce, "Mijin Yaya, Allah ya ba da haƙuri. Ban taɓa ganin wanda ya rasa dangi gaba ɗaya kafin azahar ba. Gaisuwar a nan za a karɓa ko a gida? Ga ni nan dai, ni kaɗai na rage maka, kwastoma."

Ya ɗago ya kalle ni, ya kalli furannin da ke ƙuguna, ya kalli kujerar.

"Su na ƙarya ne, amma kowa a cikinsu ya taɓa ƙera mini abin sayarwa. Wancan yatsu biyu ya bari a shagon nan. Kai na gaskiya, shekara da shekaru kana shan shayina, yau ka fara barin wani abu, shi ma gindin wando. Ɗauki kujerarka, kwastoma, ka gwada ta isa."